Ɗankwalin Anti Sannu

Kullum da safe, kafin sashen gashin ƙashi na asibiti ya cika, wata ma'aikaciyar sashen takan shiga wani ɗan ɗaki inda ake ajiye sandunan dogarawa, ta jingina wayarta da kofin shayi, ta fara kiran gidaje ta bidiyo. Waɗanda cutar huhu ta kayar take bi, waɗanda aka sallamo da rai amma ba numfashin kirki. Anti Sannu suke ce mata, don kalmar ba ta barin bakinta.

Waya ba ta kawo sautin numfashi sosai, sai ta ɓullo da dabara. Kowa ya rataya ɗankwali mara nauyi a gabansa, ya shaƙi iska ta hanci, ya hura a hankali, ita kuma daga can tana kallon yadda ƙyallen ke ɗagawa. Nakan zauna a gida in riƙa hango a raina ɗakunan nan da ba ta taɓa takawa ba, kowanne da ƙyallensa yana lilo, kamar garin ne gaba ɗaya ke barci a tafin hannunta.

Wani tela ya ce min ita ta sa shi taka keken ɗinki ba zare, yau kaɗan gobe kaɗan, har ƙafa da ƙirji suka dawo.

Ɗiyata kuwa ta dawo gida daga asibiti, kalma biyu sai ta huta. 'Yarta ƙarama takan zo bakin ƙofa ta kira ta, kafin uwar ta tara iskar amsawa, yarinya ta juya. A hankali ta daina zuwa.

Idan Anti ta kira, ni ke riƙe wayar. Ran nan Anti ta ce, "Baba, hoton nan rawa yake. Girgizar ƙasa ake yi a gidanku?"

"Hannuna ne, likita."

"To ku saki numfashin, tun ɗazu kuke riƙe da shi. Mara lafiya ɗaya aka ba ni a gidan nan. Ruwan shan nan kuma kar ku miƙa mata, ta tashi ta ɗauka."

"Idan ta faɗi fa?"

"Ai ga ku nan."

Haka aka yi ta tafiya. Wata rana da la'asar yarinyar ta ɗare kan durom na ruwa, sai ga murya daga ɗaki, doguwa ba yankewa: "Ke, sauko daga nan tun kafin in fito in same ki, mara jin magana kawai." Yarinyar ta yi tsai. Ta diro, ta ruga ɗaki, ta faɗa jikin uwarta tana dariya.

Ke ce mai haƙurin jiran iska, Anti. Shekarun nan duk ba wanda ya tafa miki, ba ki kuma taɓa shan ruwan gidanmu ba. Allah Ya saka miki da alheri. Masu tasowa a wannan aiki ku koyi jiranta, don sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba.

Jikata dai yanzu kullum sai ta kawo min ƙara, wai uwarta ta cika faɗa.