Ba Wanda Ya Taɓa Hadiza

Jama'a, yau yarinya ta mutu a gabana ina tsaye da hannuwana biyu.

Hadiza ce, ɗalibata 'yar shekara tara, a lakwal ɗin ƙauyen da nake koyarwa bayan Yekuwa. Da hantsi suna tsallen igiya a fili ita da ƙawayenta, sai kawai ta zube. Ta ɗan yi shure-shure, ta ja wani irin numfashi, sai shiru.

Na taso da gudu. Iya Mariya mai ƙosai ta riƙe mini riga, tana kira na Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a nan.

"Mushe, kada ka taɓa ta! Farfaɗiya ce. In yawunta ya taɓa ka, ka ɗauka."

Wallahi na tsaya. Muka kewaye ta daga nesa, ana watsa mata ruwan buta, muna jiran ta tashi da kanta. Leɓɓanta suka canza launi muna kallo.

Na nemi kiran likita a waya, babu rezo, layi ba ya shiga. Sai da babanta ya zo daga gona ya sungume ta, muka ɗora ta a amalanke.

A gidan likita majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ta, ya ɗago ya kalle ni.

"Wa ya danna mata ƙirji?"

Na ce ba kowa.

"Ba farfaɗiya ba ce, Mushe. Zuciyarta ce ta tsaya. Inda ta faɗi ake dannawa, ba nan ba."

A waje babanta ya kama hannuna ya ce, "Allah ya saka da alheri, Mushe. Kun yi iya ƙoƙarinku."

Na kasa ce masa amin.