Jirgin Mutum Biyu

Ran da aka sallamo Yaya daga asibiti ya shiga ɗakinsa a Batsari ya juya wa ƙofa baya, har damina ta zo ta wuce bai leƙo waje ba. Hawan jini ne ya kayar da shi a gona, ya shanye masa ɓarin hagu, hannu da ƙafa. Baki ya dawo, hankali garau, ƙafar ma likita ya ce za ta taka idan ana motsa ta. To motsawar ce Yaya ya ƙi. Ya ce mutanen da suka san shi tsaye a bayan garma ba za su gan shi ana tallabe da shi kamar jinjiri ba. Likita kuwa bai ɓoye mana ba, ya ce in kwanciyar ta yi tsawo ƙafar za ta sandare, daga nan kuma babu tashi.

Ni a Safana nake koyarwa, duk ƙarshen mako sai in hau babur in zo. Na yi lallashi, na yi wa'azi, na yi fushi irin na ƙane, wanda ba ya wuce maƙogwaro. Duk abin da na faɗa amsa ɗaya nake samu, fuskarsa na kallon bango.

"Auta, hannu guda ba shi ɗaukar jinka. Tahi wurin ɗalibanka."

Wata Asabar na fito daga wurinsa raina a ɓace, na bi ta bakin kasuwa, sai na ga kaina a gaban wani shago da yanzu ake sayar da takin zamani a ciki. Na tsayar da babur na daɗe ina kallon ƙofar. A cikin shagon nan ni da Yaya muka yi yaƙin sararin samaniya muna samari.

A ƙauyen Karare muka tashi. Baba yana da bijimai biyu na huɗa, kuma a wajenmu huɗa aikin mutum biyu ne. Babba yana baya riƙe da garma, shi ke daidaita kunya. Ƙarami yana gaba da igiya da tsumagiya, shi ke jan shanu yana tsawata musu. Tun da na yi wayo ni ne a gaba, Yaya ne a baya, ba a taɓa yin shawara a kan haka ba. Yaya kuwa yana da wata cuta: ba ya iya ganin karkatacciyar kunya. Ko a gonar wani ya gan ta sai ya yi tsaki. A tamu kuwa zai bar tuwo ya huce ya koma ya gyara.

Ranar kasuwa mukan ɗora rogo a amalanke mu kawo Batsari. A lokacin ɗan ƙanwar Inna ya buɗe shagon buga takardu, da kwamfuta guda ɗaya ta gwanjo, wadda farinta ya koma kalar haƙorin mai cin goro. Yakan lulluɓe ta da zane in ba a aiki, kuma ba a shiga da takalmi. Wata rana mun sayar da rogo da wuri muka je gaishe shi, janareta na ta ƙugi, babu mai buga takarda. Sai ya ce mu matso mu ga wani abu da ya tarar a cikinta, shi ma bai san yadda aka yi ya zo ba.

Gilashin ya yi baƙi ƙirin, sai ga taurari suna zubowa ƙasa a hankali. Can ƙasa ga wani ɗan jirgi mai tsinin baki. Daga sama kuma wasu halittu suka jero sahu-sahu, kore da ja, suna karkaɗa fukafukai suna sakin wuta. Yaya ya kalle su ya ce, "Fari ne, masu cinye gona." Shi ke nan suna ya bi su. Babbar cikinsu, wadda sai an share sahu da yawa take fitowa ta cika gilashi, ita muka sa wa suna babe.

Mai shagon ya nuna mana da yatsa. Ya ce waɗannan maɓallan masu kibiya a hannun dama su ke juya jirgin, wannan dogon na ƙasa kuma shi ke harbi. Daga nan ya ɗauki galan ya tafi sayen mai. Muka dubi abin nan, aiki biyu ne, mu kuma mu biyu ne. Yaya ya ja benci ya zauna ta dama ya ɗora hannunsa a kan kibiyoyi, ni na zauna ta hagu na ɗora yatsa a kan dogon. Ko kallon juna ba mu yi ba.

Ranar nan fari sun yi mana kaca-kaca. Amma kafin kaka mun zama gwanaye. Yaya ya gano cewa farin nan suna da ɗabi'a, in sun yi dama sau kaza sai sun yi hagu, kuma akwai wata kusurwa da wutarsu ba ta kaiwa. Yana tuƙi yana magana ƙasa-ƙasa, da muryar nan da yake yi wa shanu.

"Dakata. Bari su sauko. Yanzu, zuba masu."

In jirgi ya tarwatse kuwa sai shari'a ta tashi. Shi ya ce hannuna ya yi sanyi, ni in ce shi ya kai mu bakin wuta. Mai shago ya sha korar mu saboda musu, mu kuma mu sha dawo masa da ƙullin gyaɗa. Har yau ina jin ƙanshin wurin, hayaƙin janareta da ɗumin takarda da dafaffen rogon da muke ci da hannun da ba ya aiki. Ina kuma jin ƙarar harbin, wata siririyar ƙara kamar ta ɗan tsako.

Samarin da suke leƙowa ta taga a wurinmu suka koya, saboda haka duk Batsari bibbiyu ake buga wasan. Kujerar dama sunanta garma, ta hagu tsumagiya. Sai ka ji saurayi ya shigo yana cewa, "Wa za ya riƙa mani garma?" In bai samu abokin yi ba ya haƙura ya tafi. Akwai wasu 'yan ƙauyen Darini wa da ƙane da suka zama abokan hamayyarmu, amma ƙanen ne ke tuƙi, abin da Yaya ya ce shi ya sa ba sa yin albarka.

Sai da na tafi kwaleji a Katsina na gane rashin sani ya fi dare duhu. Na shiga wani shagon kwamfutoci, sai ga wasanmu a gaban wani ɗan birni, shi kaɗai, hannun dama a kibiyoyi, na hagu a dogon maɓalli. Tausayinsa ya kama ni. Na ja kujera na ce, "Malam, in riƙa maka tsumagiya?" Ya dube ni sama da ƙasa. Da na yi masa bayani sai ya kira abokansa su zo su ji, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe wasan na mutum ɗaya ne.

Da na zo hutu na kai wa Yaya labari, ina jin kaina wanda ya ga duniya. Yana gyaran karkiya a gindin dalbejiya, bai ko ɗago ba.

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, Yaya. Haka Turawa suka yi shi."

"To in jirgin ya faɗi, wa yake yi ma faɗa?"

Ranar kasuwa muka koma bencinmu, kowa a wurinsa.

Daga baya kwamfutar ta mutu, mai shago ya koma sayar da waya, na yi aure, Yaya ya yi, Baba ya rasu, zaman ƙauye ya yi wuya har Yaya ya kwaso iyali ya dawo cikin gari. Ɗalibaina yanzu suna da wasanni a waya masu mutane kamar na gaske, da motoci da ƙwallo. Na gwada, ban ji komai ba. Namu ba shi da labari, ba shi da ƙarshe. Ka kashe babe, wani sahun farin ya sake jerowa, ya fi na baya sauri. Ba a cinye shi, sai dai a daɗe. Wataƙila shi ya sa ya shiga ran manoma, ban sani ba. Na dai san cewa ina kewarsa, kuma rabin kewar ta kafaɗar Yaya ce tana gugar tawa.

Daga gaban shagon takin nan na koma Safana da abu ɗaya a kaina. Akwai wani mai gyaran waya kusa da makarantarmu, na zauna na kwatanta masa wasan, taurari, jirgi, fari. Ya yi ta nuno mini iri-iri ina cewa ba shi ba ne, har sai da na ji ƙarar nan ta ɗan tsako. Ya saka mini shi a tsohuwar kwamfutata ta hannu, wadda batirinta ba ya daɗewa.

Asabar ta zagayo na isa Batsari bayan azahar. Matar Yaya tana tankaɗe a tsakar gida, ta ga jaka a kafaɗata.

"Malam, yau kuma wane wa'azin aka ɗauko?"

"Yau ba wa'azi. Wasa na zo yi."

"Da furfurarka? Allah ya shirya."

Na yi sallama na shiga. Ɗakin yana warin man zafi da rufaffiyar taga. Na gaishe shi, ya amsa wa bango. Ban ce ya tashi ba, ban tambayi ƙafa ba. Na zauna a bakin gadon ta wajen kansa, na ɗora kwamfutar a kan kujerar tsugunno, na ƙure ƙarar, na fara.

Allah ya sani ban yi da gangan ba, ni dai ban iya tuƙi ba. Rayuwata duka a tsumagiya na yi ta. Ina harbi sai in manta da kibiyoyi, ina juyawa sai in manta da harbi. Jirgi ya tarwatse. Na sake, ya tarwatse. Na ji gadon ya motsa a bayana, na yi kamar ban ji ba. Na sake kai jirgin tsakiyar wuta, sai na ji tsaki, irin wanda yake yi wa karkatacciyar kunya.

"Kusurwa. Ka koma kusurwa, kai."

"Wace kusurwar?"

"Shekara nawa kana boko ba ka san kusurwa ba?"

Na kai jirgin kusurwar da ba ita ba. Wannan kam da gangan ne. Ya ja numfashi da ƙarfi. Can ya ce, a hankali, "Ai kai ka ce wanga abu na mutum guda ne. Mai hannu biyu."

"Na ɗan birni ke nan. Ni da kai yaushe ɗayanmu ya taɓa buga shi da hannu biyu?"

Ban waiwaya ba, don na san in ya ga ina kallonsa zai fasa. Na ji yana jan jiki, yana dafa bango, yana nishi. Ya daɗe kafin ya zauna. Na matsa hagu na bar masa dama. Hannunsa ya sauko a kan kibiyoyi, ya rame, jijiyoyi duk sun fito, amma yatsun sun san wurinsu. Kafaɗarsa ta hagu, wadda ba ta ji, ta jingina da tawa, ta yi nauyi.

"Dakata," ya ce. "Bari su sauko."

Muka share sahun farko, muka share na biyu. Matar Yaya ta ɗaga labule da rariya a hannu, ta tsaya, ta saki labulen. Idona ya cika da ruwa har farin suka zama bibbiyu, na yi ta harbi a makance, shi kuma yana ce mini hannuna ya yi sanyi. Babe ta fara leƙowa daga sama ke nan sai gilashin ya ɗauke. Batiri ya ƙare.

"Mi ya faru?"

"Caji, Yaya. Kuma ba wuta."

"To?"

"Sai dai shagon mai sola, can bakin layi. Ba ya bari a tafi da wayar cajinsa, sai dai a zauna a wurin."

Na san wa da wa ke zama a rumfar shagon nan bayan la'asar, shi ma ya sani. Abokan nomansa ne, har da babban 'yan Darinin nan. Na rufe kwamfutar na sa a jaka. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƙofa, ya daɗe yana duban ƙofar.

"Miƙo mani hula."

Na miƙa masa. Na durƙusa a gabansa, ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗata ya damƙe, na miƙe da shi. Ƙafar tana ja, amma tana zuwa. Muka ratsa tsakar gida, matarsa ta juya baya tana goge fuska da gefen zane. A zaure hasken rana ya buge shi ya runtse ido, na tsaya, na ɗauka zai ce mu koma.

"Mi ka tsaya yi?" ya ce daga bayana. "Ja mu tahi. Yi dama kaɗan, akwai kwata."