Malam Kyari da ginshiƙan rumfar Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina Sabon Gari, a shagon Mista Eze mai sayar da rodi, ƙarfen gini, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya yana dubana. Ya ce ashe ban ji ba, Malam Kyari ya rasu da asuba a gidansa na Fagge. Mista Eze Kirista ne, mutumin Gabas, amma rufe shagon ya yi muka tafi tare, yana share hawaye da gefen riga.

Malam Kyari Babarbare ne, iyayensa suka zo da shi Kano tun yana goye. Ya daɗe yana aikin gadoji a layin dogo kafin ya koma makarantar koyon sana'a, inda ya koya mana yadda ƙarfe da katako da kankare suke ɗaukar nauyi. Mu lissafi muke ɗoki, mu cika allo da lambobi a ce mun iya. Shi kuwa sai ya shigo aji da rake. Wallahi rake, irin wanda ake sayarwa a bakin tasha. Ya ɗora shi a kan duwatsu biyu, ya danna tsakiyarsa a hankali har ya tsage ta ƙasa, ya ce mu duba da kyau: ƙasan ake ja, saman matse shi ake yi. Kankare yana jure matsi amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa masa rodi a inda ake jan sa. Kullum maganarsa ita ce, "Kafin ka ɗauki alƙalami, tambayi abin: ta ina ake jan ka?" In an tashi sai ya yayyanka raken ya raba mana, ya ce ba a ɓarnar kayan aiki.

Ni dai abin da ya zauna mini a ka shi ne rodi a ƙasa yake, shi ke nan.

Shekarar da na gama, Baba ya ce tunda an ce ɗansa ya zama injiniya, in yi masa rumfar kankare a ƙofar shagonsa, inda yake zama da abokansa bayan la'asar. Ni kuma da rawar kai irin ta lokacin, na ce ba za ta sami ginshiƙi ko ɗaya ba, daga jikin bango za ta fito ta tsaya da kanta. Baba ya baza maganar a duk unguwa. Aka zuba kankare, aka tokare shi da itace, ranar Asabar za a cire.

Ranar Alhamis sai ga Malam a kan kekensa. Ya gaisa da Baba, ya yaba aikin, sannan ya ja ni bayan shago ya tambaye ni inda na sa rodin. Na ce a ƙasa, kamar yadda aka koya mana. Ya je bakin titi ya sayo rake, ya ba ni gindinsa, ya ce in riƙe gam, ni ne bangon. Ya danna ɗaya ƙarshen ƙasa. Raken ya tsage ta sama, dab da hannuna.

Nan take na gane. Saman rumfar ake ja, kuma babu ƙarfe ko ɗaya a wurin. Ana cire itacen nan za ta rufto, ko ranar ko wata rana, kuma mahaifina ne a ƙarƙashi.

Bai zage ni ba, bai kuma gaya mini mafita ba. Tambaya ya yi, yaya zan yi jan ya koma inda rodin yake? Na daɗe ina kallon raken kafin na tuna duwatsu biyun nan. In aka tokare bakin rumfar da ginshiƙai, ƙasan ne za a riƙa ja. Ya yi murmushi. Na roƙe shi a ce wa Baba don ado ne za a ƙara su, saboda kunya ta ishe ni. Nan ne kaɗai na ga ya ɗaure fuska.

"Wanda zai zauna a ƙarƙashin aikinka yana da haƙƙin sanin abin da ke bisa kansa. Je ka gaya wa Alhaji da bakinka."

Na je na faɗa. Baba ya ce in gina ginshiƙan. Abokansa kuwa sun yi wata guda suna kirana injiniya mai sanda, wai rumfata sai da ta dogara sanda. Malam bai taɓa tayar da zancen a gaban kowa ba, ni ne yau na fasa shi, kuma ba na jin kunyarsa yanzu.

Gidan Malam ba shi da nisa da shagon Baba, don haka da masu ta'aziyya suka yi yawa, a rumfar aka shimfiɗa wa wasu tabarmi. Ta cika maƙil. Na kasa daina ɗaga kai ina duba ta. Baba yana zaune a inda ya saba, ya dafa ginshiƙin da ke bayansa ya ce, "Bar kallon sama, ka yi masa addu'a. Shekara shida ke nan ina jingine da mutumin nan."

Allah Ya jiƙan Malam Kyari, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Allah Ya ba Inna Falmata da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ya tokare musu gida. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, amin.