Ranar da Na Sa Kawuna Ajin Yaƙi da Jahilci

Akwai abin da na yi a garinmu Mafaza wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na taɓa zama Gadarif na yi 'yan watanni ina koyon Turanci, sai na dawo gida ina jin kaina daban.

Wata shekara gab da damina, wata ƙungiya ta zo rabon irin riɗi, suka ɗauke ni in riƙa cike wa manoma takarda. A takardar akwai gida biyu da Turanci, literate da illiterate, wato wanda ya iya karatu da rubutu da wanda bai iya ba. Ka'idarsu ita ce duk wanda ya faɗa gida na biyu sai ya yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci, in ba haka ba babu iri. Na ji daɗin kalmomin nan ƙwarai. Ina zaune a rumfa, alƙalami a hannu, ina raba dattawan garinmu gida biyu.

Da layi ya zo kan kawuna, yayan mahaifiyata, ko tambayarsa ban yi ba. Na san bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba. Na kuma san yana da jakar fata cike da takardun ajami, amma a lokacin ban ɗauki wannan a bakin rubutu ba, tunda ba shi da shahada, wato takardar shaidar makaranta. Na sa masa alama a gida na biyu. Ya tambaye ni me na rubuta, na ce ba komai Kawu, tsarin aiki ne kawai.

Da aka kira sunayen 'yan aji, nasa na ciki. A nan na gane na yi ɓarna, kuma gyaran bai fi in je in ce na yi kuskure ba. Sai na ji tsoron a ce ban iya aikin ba, na yi shiru. Wannan shirun ya fi alamar muni.

Kawu yana bukatar irin, don haka kullum bayan la'asar ya sa farar jallabiyarsa ya je ya zauna a tabarma, ana maimaita alif da ba, mutanen da shi ya rubuta wa wasiƙu shekara da shekaru suna gefensa suna sunkuyar da kai. A sati na biyu malamar, wata Balarabiya daga Fau, ta kira shi ya rubuta harafi ɗaya a allo. Ya rubuta mata layi guda cif da hannu mai kyau. Ta gane haruffan, amma ta kasa karanta maganar. Ya ce mata Hausa ce. Washegari ya kawo jakar, ta ga waƙoƙin da ya tsara kan tafiyar kakanninmu daga yamma, da sunayen rijiyoyin da suka yada zango. An ce ta daɗe tana juya takardun, sannan ta ce wannan ai adabi ne, wa ya rubuta wannan bawan Allah a cikin jahilai? Kawu ya ce bai riƙe sunan mutumin ba.

Da labarin ya iso ni, na same shi a ƙofar gida yana shan jabana, wato gahawa. Na durƙusa na ce ni ne, ya yafe mini. Ya ce ya sani tun ranar. Sai ya zaro takarda ɗaya ya miƙo mini, ya ce in karanta masa. Na duba sama, na duba ƙasa, na haɗa harafi biyu uku, maganar ta ƙi fita. Harshen uwata ne, a rubuce, a hannuna.

Ya karɓi abarsa a hankali ya ce, "To ɗan ƙanwata, kai a wane gida za mu sa ka?"

Bai faɗa da zafi ba, har ya zuba mini jabana. Tun daga ranar na koyi cewa kafin in yanke wa mutum hukunci kan abin da bai sani ba, in fara tambayarsa abin da ya sani.