Ranar Da Goggo Ta Kai Cikin Mijinta Asibiti

A danginmu ba wanda ke kiran Goggo da sunan yanka. Wakiliya ake ce mata. Ƙanwar babanmu ce, gajera, mai saurin tafiya, kullum da jaka a hammata. In za a karɓo sakamakon jarrabawa, ita ce. In za a bi layin wani ofis, ita ce. Ta taɓa gwada wa babanmu takalmi da igiyar da ta auna ƙafarsa, kuma ya yi masa daidai. Shekara ashirin ta yi tana guga a wani otal, ta ce a nan ƙafafunta suka koyi tsayuwa.

Mijinta gyaran agogo yake yi a ɗan shagon da ke ƙofar gidansu. Mai Agogo kowa ke ce masa. Daga safe zuwa yamma yana duƙe a kan tebur, ɗan gilashinsa maƙale a ido ɗaya, kofin baƙin shayi a gefe. Zai iya yini yana sauraron bugun agogon wani, amma a tambaye shi lafiyar jikinsa sai ya ce, "Da sauƙi," ko da kuwa ba a ce ba shi da lafiya ba.

Ciwon ya fara ne da ƙwannafi. Sai gyatsa, sai zafi a saman ciki. Abinci kuwa ya koma cokali uku ya ture. Goggo ta ce su je wurin likitar unguwa, wadda ta saba duba mutanen gidan.

"In je in zauna yarinyar da na haifi kamarta ta tambaye ni yadda nake bayan gida?" in ji shi. "Allah ya kiyaye."

Goggo ba ta yi gardama ba. Ta dai yi kwana huɗu tana tatsar labari kaɗan-kaɗan, tana kai shayi tana jefa tambaya. Da ta ga ta tara abin da ya isa, ta yafa mayafi, ta ɗauki katinta, ta tafi. Shirinta shi ne ta ce ita ce ba ta da lafiya, a rubuta magani, ta kawo masa.

Aka auna ta a sikeli, aka gwada jininta, ta shiga.

"Mama, sannu da zuwa. Yau wa kika kawo mana?"

"Kaina na kawo, Likita. Cikina ne."

Likitar ta ajiye biro ta juyo da kujera. Ta tambayi tun yaushe. Wata biyu. Zafi ne ko murɗa? Zafi, kamar an ɗora garwashi. Kafin cin abinci ko bayan an ci? Goggo ta amsa tiryan-tiryan, har tana jin daɗin kanta. Akwai amai? Babu. Abinci yana tsayawa a wuya in an haɗiye? A'a.

"Nuna mini wurin da yatsa ɗaya."

Nan Goggo ta ɗan daburce, don wannan ba ta tambayo ba. Ta ɗora yatsa kan cibiya, ta matsa sama, ta dawo gefe.

"Yawo yake yi," ta ce.

Likitar ta sa ta kwanta. Ta danna nan, ta danna can, ta ƙwanƙwasa, ta ɗora abin sauraro. Goggo ta manta ta yi "wash", da aka zo haƙarƙari ma dariya ta kuɓuce mata. Aka ja fatar idonta ƙasa, ja wur, jini ya ishe ta.

"Kin rame kuwa?"

"Sosai! Har sai da aka ƙara wa bel ɗin huda biyu."

Likitar ta dubi zanen Goggo, ta dubi katin.

"Mama, yaushe kika fara ɗaura bel? Ga sikeli ma ya ce kilo biyu kika ƙara. Cikin nan da kike ba ni labari, a gida kika baro shi. Na Baba ne?"

Goggo ta ce a ranar ta so ƙasa ta buɗe. Ta gyara mayafi, ta gyaɗa kai.

Likitar ta yi dariya, amma ba ta daɗe ba. "To, tunda kin iya aike, ƙarasa mini. Bayan gidansa fa? Ya sauya launi?"

"Ya ce baƙi ne ƙirin, kamar kwalta. Da ƙyar na ciro wannan daga bakinsa."

"Tun yaushe?"

"Kwana uku."

"Jiri fa?"

"Jiya da ya miƙe sai da ya dafa tebur."

"Akwai maganin da yake sha kullum?"

"Ba ya shan komai. Sai 'yan ƙwayoyin ciwon baya, safe da yamma. Suna cikin akwatin batir."

Likitar ta rufe katin. Ta yi mata bayani a hankali. Yawancin ƙwannafi da kumburin ciki ba abin tsoro ba ne, gyaran cin abinci da ɗan magani ya wadatar. Amma akwai alamun da ba a jira da su: rama ba dalili, wahalar haɗiya, aman jini, baƙin bayan gida. Irin ƙwayoyin nan kan ci bangon ciki, baƙin nan kuma yana iya zama jini ne ke zuba a ciki.

"Ba zan rubuta komai ba sai na ga idonsa, na ji bugun jininsa, na taɓa cikinsa. Yau, Mama, ba gobe ba. Kada ya ƙara shan ƙwayar nan."

Goggo ta ce ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta tarar da shi ya cire gilashin yana murza ido.

"Ina maganin?"

"Malam, an kama ni."

Ta faɗa masa komai. Ya ce gobe. Ta ce yau. Ya ce akwai agogon da za a zo karɓa da la'asar. Ta miƙa hannu ta ɗauke ɗan gilashin, ta kwashe ƙwayoyin, ta zuba a jaka, ta fita ta tare mota ta shige.

"Ke! Wakiliya! Da me zan yi aiki?"

"Yana teburin likita. Ka zo ka karɓa da kanka, ni na bar zuwa wa mutane aike."

Da silifas ya shiga motar, yana mita har ƙofar asibiti.

Fatar idonsa fara fat, zuciyarsa na sauri. Da likitar ta danna saman cikinsa, ba wanda ya koya masa "wash". A ranar ta tura shi babban asibiti da takarda. Can aka ƙara masa jini, aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, aka ga gyambon ciki yana tsattsafar da jini. Aka tsayar da jinin. Kwana huɗu ya yi, ya dawo da magunguna da dokar rabuwa da ƙwayoyin baya.

Yanzu bel ya koma hudarsa ta da. Ranar komawa asibiti shi ke riga kowa shiri, ya dawo yana yabon likitar. Wai ta iya aiki, sai ta saurara kafin ta buɗe, kamar mai gyaran kirki.

Goggo kuwa ba ta bar aike ba, faɗa kawai ta yi. Makon jiya ma ita ta bi wa yayata layin katin makarantar yara. Sai dai in ka ce mata cikinka na ciwo, ba ta ɗaukar bayani. Hannunka take kamawa.

Kwanan baya gwiwarta ta kumbura. Mai Agogo ya leƙo daga shago, gilashi a ido.

"Faɗa mini yadda take yi, in je miki."

"Sai ka fara ɗaura zane tukuna," in ji ta, tana laluben katinta a jaka.