Sharu Ba Ya Ciniki da Safe

A 1989 na fara sanin Sharu, yana sayar da baƙin mai a kwalabe a tashar Rano, ni kuma ina koyarwa a Kibiya. A wancan zamanin babur tare yake tsufa da mai shi. Daga baya Sharu ya koma dillancin tsofaffin babura da adaidaita sahu.

Ba ya ciniki da safe. Injin da ya gaji sai ya ɗura masa baƙin mai mai kauri, irin na manyan motoci, ya bar shi a kunne har azahar. In man ya ɗau zafi yakan rage hayaƙi, ya rufe ƙarar ƙarfe, ka rantse sabo ne. Da sanyin safiya kuwa kamar zuma yake, yakan daɗe bai zagaya inji ba. Wanda ya tayar ya ba da wuta nan take, ƙarfe ne zai ci ƙarfe. Wannan Sharu bai taɓa faɗa wa mai saye ba.

Bara ɗana Tajuddeen ya ga wata adaidaita a wurinsa, ya nace, na raka shi. Sharu ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wannan ɗan naka ko jaki ba zai iya korawa ba. Ku tafi, ba ta sayarwa ba ce."

'Yan tasha suka yi ta dariya. Muka dawo gida, yaron ko tuwo bai ci ba.

Da la'asar Sharu ya sayar da ita ga Uzairu, manomi daga Tarai, wanda ya rabu da shanun huɗarsa don ita. Washegari da sassafe Uzairu ya loda albasa, yana sauri ya riski kasuwa. Bai kai bakin titi ba injin ya buga. Da ya zo yana rantse-rantse, Sharu ya ce, "Da na ba ka, tari take yi?" Damina ta faɗi, ba shanu, ba adaidaita. Rabin gonarsa ciyawa ta cinye.

Sai a wata jana'iza muka sake haɗuwa. Sharu ya matso kusa da ni, idonsa na kan masu haƙa.

"Shekarar kwalara kowa ya gudu, kai ka wanke gawar mahaifina. Shi ya sa na hana ɗanka adaidaitar nan. Na biya, mun rabu."

Na ce, "To, Uzairu fa?"

Ya karkaɗe bayan rigarsa. "Shi me ya taɓa yi mini?"