Rarrafen Baba a Gidajen Raino

Babanmu kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar, kuma ban taɓa ganin ya zauna a kujerar wani ba tare da ya fara girgiza ta ba. Ko gaisuwa ya je, sai ya dafa ta, ya shafa gefenta da babban yatsansa, sannan ya zauna yana ɓata rai. Bencin makaranta ya fi yi, kuma duk abin da ya fito daga shagonsa ba za ka sami kusurwa mai kaifi a jikinsa ba. Ya kan ce katako bai san yaro ba, mai katakon ne ya san shi.

Ni ce autarsa. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma lokacin da abin nan ya faru saura kwana shida hutun haihuwata ya ƙare. An riga an ƙara mini sau ɗaya, shugabarmu ta ce in ban bayyana ranar Litinin ba za a ba wata gurbina. Ummanmu ta rasu, surukata tana nesa, maigidan kuma tun bakwai na safe yake fita. Ga jaririya mai wata biyar, wadda muke kira Kumatu, ga ni ban san hannun da zan danƙa ta ba. Gaskiya tsoro nake ji, na rasa aikin da na barin yarinyar duka.

Da na gaya wa Baba zan zaga gidajen raino, sai ya rufe shago, ya soka fensir a bayan kunne, ya ce, "Mu je. Matata ce ai, ba za a kai ta inda ban gani ba."

Na ce, "Baba, lasisi za a duba fa, ba teburi ba."

Ya ce, "Ke duba takarda, ni na san abin da zan duba."

Gidan farko ya haɗu, masha Allah. Fenti kala-kala, talabijin kamar ƙofa, mai gidan tana ta zuba ƙamshi. Da na tambayi lasisin hukuma, ta nuna mini wata takarda a firem can sama kusa da silin. Ni har na gyaɗa kai. Baba kuwa firem ɗin ne ya tsone masa ido, wai haɗin kusurwarsa ya buɗe. Kafin a ce me, ya taka kujera ya sauko da shi yana tsaki. Sai ga takardar a gaban hancina. Jama'a, shaidar kammala koyon yin kek ce! Matar ta ce ai lasisin yana hanya. Baba ya mayar mata da firem ɗinta, ya ce Allah ya kawo shi lafiya, muka fito. A bakin titi na yi dariya har Kumatu ta farka a bayana.

Gida na biyu lasisinsu na gaske ne. Na karanta sunan gidan, na duba ranar ƙarewarsa, duk daidai. Ina cikin murna na waiga, sai na ga Baba ya tattare rigarsa ya durƙusa, gwiwa biyu hannu biyu, yana rarrafe a tsakiyar ɗaki. Dattijo mai furfura! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Haba Baba, don Allah ka tashi, ana kallonmu."

Ya ce, "Daga sama kike kallo, ita kuwa a nan ƙasa za ta zauna. Zo ki gani."

Na sunkuya. Soket a buɗe bayan gadon jarirai, wayar fanka tana lilo, ga murfin kwalba a ƙarƙashin kabad. Daga nan ƙasan na ƙirga jarirai goma sha ɗaya, mai kula da su mace ɗaya tal, ta goya ɗaya ta rungume ɗaya, sauran suna ta tsala kuka. Tausayinta ya kama ni, amma ban bar 'yata ba.

Haka muka yi ta yi har Juma'a. Gida biyar, Baba ya rarrafe huɗu, gwiwar wandonsa ta yi fari fat. Na fara jin haushinsa, na ce shi ko gidan gwal aka kai shi sai ya samo ƙusa.

Na shidan wata abokiyar aikina ce ta yi mini kwatancensa, a wani lungu bayan tashar mota. Gida ne ba kwalliya, fentinsa ma ya koɗe. Wata mata mai gilashi, wadda kowa ke kira Malama, ta tare mu a ƙofa. Ba ta bari mun wuce ba sai da muka rubuta suna, muka cire takalmi, muka wanke hannu da sabulu. Lasisin yana manne daidai tsayin ido. Ita da kanta ta ce in ɗauki lambarsa in kira ofishin hukuma in tabbatar, kuma na kira a gabanta, suka ce haka ne. Jarirai shida ne a ɗakin, masu kula biyu, kowane jariri da gadonsa da kwalbarsa mai suna.

Baba ya durƙusa. Na rufe ido ina jiran abin kunya. Sai na ji Malama ta ce, "Baba, ku fara ta wancan gefen, ni ta nan nake farawa kullum da safe." Ta ajiye gilashinta ta durƙusa ita ma. Su biyu suka zaga ɗakin da rarrafe, jarirai suna kallonsu baki buɗe. Abin da Baba ya samu kaɗai shi ne gefen wani ɗan teburi da ya yi kaushi, kuma ta riga ta liƙa masa jan tef tana jiran kafinta. Ya ciro samfefa daga aljihu ya goge shi nan take.

Da muka fito ya ce, "Nan ne."

Na cike fom a tsaye don daɗi. Akwai layin da aka ce a rubuta waɗanda aka yarda su ɗauki yarinya. Na rubuta sunana da na maigidan, na sa hannu, na wuce.

Ranar Litinin na kai Kumatu, na yi ɗan kukana a bakin ƙofa, na tafi aiki. Duk jinin da na ɗiba ranar, rabin hankalina yana wancan lungun. Mun yi da Baba shi zai ɗauko ta ƙarfe huɗu, tunda ni sai biyar nake tashi. Huɗu da minti goma waya ta yi ƙara. Na ga Baba ne, na ɗauka da sauri.

"Auta!" Muryarsa har tana rawa. "An hana ni matata!"

"Innalillahi! Me ya faru?"

"Wai sunana ba ya cikin takarda. Na ce mata ni ne fa wanda muka yi rarrafe tare, ni na goge miki teburi. Ta ce ta sani sarai, amma in yi haƙuri, ko limamin unguwa ne ba za ta ba shi ba sai uwar ta rubuta. Yarinyar tana miƙo mini hannu ta taga, matar nan ta ƙi!"

Sai a lokacin na tuna layin nan na fom. Na fara ba shi haƙuri, na ce yanzu zan kira ta. Ashe dariya ce take sa muryarsa rawa.

Ya ce, "Kar ki kira kowa. Ki gama aikinki a tsanake. Wadda ta iya hana ni, babu wanda za ta ba."

Na ajiye wayar, na ji wani nauyi da na ɗauka wata guda ya sauka daga ƙirjina. Ƙarfe biyar da rabi na isa, na tarar da shi a kan benci a waje, an ba shi ruwan sanyi, ya kifa wata ƙaramar kujera a cinyarsa yana ɗaure mata ƙafa. Na karɓi biro na rubuta sunansa a layi na uku. Malama ta sa gilashinta, ta karanta, ta dube shi sama da ƙasa kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta ce ya nuna katin shaida.

Ya laluba aljihu, ya miƙa mata da hannu biyu, bakinsa har kunne.